Yadda ake gina kwandon shara a manhajar da ke ajiye fayiloli

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina wa wata makaranta manhajar ajiye takardu da Laravel, wato tsarin rubuta manhaja, da PostgreSQL, wato manhajar rumbun bayanai. Sunan kowane fayil da mai shi suna cikin rumbun bayanai, shi kuwa fayil ɗin yana kan faifan saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta. Ina so malamai su iya dawo da abin da suka goge bisa kuskure. In matsar da fayil zuwa foldar shara in goge layinsa daga rumbu, ko yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Madalla da ka yi wannan tambaya tun kafin manhajar ta shiga hannun mutane. Shawarata ita ce, lokacin da malami ya danna maɓallin gogewa, kada manhajarka ta taɓa fayil ɗin ko kaɗan. Kada ta matsar da shi, kada ta sake masa suna. Ta dai rubuta a layinsa cewa an goge shi a lokaci kaza, kuma wane ne ya goge. Gogewar gaskiya aiki ne dabam, wanda wani ɓangare na manhajar zai yi shi kaɗai bayan wa'adi ya cika.

Ga dalili. Wurin ajiya biyu gare ka, rumbu da faifai, kuma ba su san juna ba. A cikin rumbu kana iya ɗaure ayyuka goma tsakanin BEGIN da COMMIT, su faru duka ko su fasa duka. Faifai ba ya cikin wannan alkawari. In ka ce ROLLBACK, layukan tebur za su koma yadda suke, amma fayil ɗin da ka matsar yana can inda ka kai shi. A ce ka matsar da fayil, kafin ka rubuta a rumbu wuta ta ɗauke: rumbu na cewa takardar tana nan, malami ya danna, babu komai. A ce kuma ka fara da rumbu sannan matsarwar ta gaza, kwandon shara zai nuna abin da ba ya cikinsa. Ta ko'ina ka fara, akwai tazara tsakanin matakan biyu, kuma ranar da saba ya mutu a daidai wannan tazarar tana zuwa. Ita kanta matsarwar ba ta da tabbas kamar yadda ake zato. Tana faruwa lokaci guda ne kawai idan folda biyun suna kan sashe ɗaya na faifai. In sun bambanta, kwafa ake yi sannan a goge na asali, kuma babban fayil yana iya yankewa a tsakiya. Ranar da ka koma ajiyar yanar gizo irin ta Amazon S3 kuwa, ko a can kwafa da gogewa ne.

Na san inda tunanin foldar shara ya samo asali. Windows haka take yi: tun daga Vista, in ka goge fayil, tana kai shi wata ɓoyayyiyar folda ta sa masa suna mai farawa da $R, ta kuma rubuta wani ɗan ƙaramin fayil mai farawa da $I wanda ke riƙe da sunan asali da girma da lokacin gogewa. A Linux ma akwai folda biyu a kwandon, files da info, kowane abin da aka jefa yana da ɗan fayil mai ƙarewa da .trashinfo. Sun yi haka ne don ba su da rumbun da za su rubuta a ciki. Kai kana da shi. Ka zama kamar akawun da aka ce ya janye takarda, sai ya ja layi da fensir a rijista ya bar takardar a kabad inda take. Gobe in an ce a dawo da ita, goge layin fensir kawai zai yi.

Kafin wannan ya yi aiki da kyau, sai sunan fayil a faifai ya rabu da sunan da malami ke gani. Ka ba kowane fayil lambar UUID, wato doguwar lambar da ba ta maimaituwa, a matsayin suna, ka bar "Sakamakon zango na biyu.pdf" da foldar da yake ciki su zauna a rumbu kawai. Da haka fayil biyu ba za su taɓa danne juna a faifai ba, sake suna da sauya folda ma sun zama gyaran layi ɗaya.

A tebur ɗin fayiloli, gurbi uku za ka ƙara tun farko: deleted_at, deleted_by, da lambar rukunin gogewa, wadda zan dawo kanta. Kada ka yi amfani da gurbin i ko a'a, domin lokaci ne zai gaya maka ranar da wa'adi ya cika, shi ne kuma zai ba ka damar amsa wa shugaban makaranta in ya tambayi yaushe takarda ta ɓace. Ka ajiye shi a nau'in timestamptz, mai riƙe rana da lokaci. Laravel ya riga ya yi maka rabin aikin da SoftDeletes: delete() na komawa UPDATE, abin da aka goge yana ɓoyewa daga tambayoyin Eloquent, wato ɓangaren Laravel mai magana da rumbu, sannan ga withTrashed() da onlyTrashed() da restore() da forceDelete().

Sai dai akwai ramuka biyu a nan, kuma na farkon shi ya fi cin mutane. Darussa da yawa suna koya a sa Storage::delete() a cikin abin da ke gudana idan model, wato kod ɗin da ke wakiltar tebur, ya fitar da sanarwar deleting ko deleted. To waɗannan sanarwoyi suna fita ko da gogewar ta wucin gadi ce. Malami zai ga takardarsa a kwando, ya danna dawowa, layi ya dawo lafiya lau, fayil kuwa ya tafi tun ranar farko. Ba wanda zai gane sai ranar da aka buƙaci takardar. Ka bincika kod ɗinka yau, ka cire duk wani umarnin goge fayil daga waɗannan wurare. Na biyu, tacewar da Laravel ke yi a kan model take. DB::table(), da SQL da ka rubuta da hannu, da tebur ɗin da ka haɗo da join, duk suna ganin layukan da aka goge. A nan ne rahoton ƙarshen zango zai ƙirga takardun da aka jefar. Ni nakan ƙirƙiri view, wato tambayar da aka ajiye ana karanta ta kamar tebur, mai nuna masu rai kawai, in sa duk rahotanni su karanta daga nan, don kada dogaro ya kasance ga tunawar mai rubuta kod.

Yanzu batun suna, inda nake so ka nutsu. Wataƙila kana da ƙa'idar cewa fayil biyu ba za su ɗauki suna ɗaya a folda ɗaya ba. Malama ta goge "Jadawali.xlsx", ta ɗora sabo da wannan sunan, rumbu ya ƙi, domin tsohon layin yana nan. Maganin da ke fara zuwa zuciya shi ne a ƙara deleted_at cikin fihirisar UNIQUE mai hana maimaici, kuma wannan gyaran gangar auzinawa ne. A PostgreSQL da MySQL, fihirisar UNIQUE ba ta ɗaukar NULL biyu, wato gurabe biyu da ba komai a cikinsu, a matsayin abu ɗaya. Duk fayil mai rai kuwa deleted_at ɗinsa NULL ne. Ke nan ka cire kariyar daga masu rai, waɗanda dominsu aka yi ƙa'idar. Abin da ya dace a PostgreSQL shi ne fihirisar da ta shafi wani sashe na tebur kawai:

CREATE UNIQUE INDEX suna_a_folda ON files (folder_id, name) WHERE deleted_at IS NULL;

Da wannan, masu rai ba za su yi karo ba, kwando kuwa yana iya ɗaukar "Jadawali.xlsx" ko guda nawa. SQLite na da irin wannan fihirisa tun sigar 3.8.0 ta 2013, SQL Server tun 2008. MySQL ba ta da ita, don haka masu amfani da ita sukan ƙara gurbi mai lissafa kansa, ya zama 1 ga mai rai, NULL ga wanda aka goge, su sa shi cikin fihirisar. Ka kuma kula da fayilolin da ba sa cikin kowace folda: in folder_id ɗinsu NULL ne, wancan ramin ya sake buɗewa. PostgreSQL 15 ta 2022 ta kawo NULLS NOT DISTINCT don irin wannan, amma ya fi sauƙi ka yi wa kowa uwar folda ta gaske mai lambarta.

Dawo da fayil ya fi goge shi wuya, kuma a nan ake gane manhajar da aka yi tunani a kanta. Malamar nan ta zo dawo da tsohon jadawali alhali sabon yana wurin. Kada ka danne sabon, kada kuma ka jefo mata saƙon kuskure na rumbu. Ka dawo da shi da ɗan ƙari a suna, kamar ranar gogewa, ka faɗa mata abin da ka yi. In kuma foldar da yake ciki ita ma tana kwando, ko dai ka dawo da foldar tare da shi, ko ka ajiye shi a uwar foldar mai shi. Kowanne ka zaɓa ya yi, muddin ba ka bar layi mai rai a ƙarƙashin matacciyar folda ba, domin irin wannan fayil yana cin wuri amma ba wanda zai iya ganinsa.

Sai gogewar folda sukutum. ON DELETE CASCADE, mai goge layukan da ke ƙarƙashin layin da aka goge, ba zai taimake ka ba, tunda a idon rumbu ba DELETE ka yi ba, UPDATE ka yi. Kai ne za ka bi 'ya'ya da jikoki ka yi musu alama, a cikin BEGIN da COMMIT guda. Ka duba wannan: ranar Litinin malami ya goge takarda ɗaya da gangan, ranar Laraba ya goge foldar baki ɗaya bisa kuskure, ranar Alhamis ya dawo da ita. In ka dawo da duk abin da ke ƙarƙashinta, takardar Litinin ma za ta tashi, shi kuwa bai nema ba. Amfanin lambar rukuni ke nan. Kowane danna maɓalli yana samun lambarsa, kana sa ta ga layukan da suke da rai a wannan lokacin kawai, dawowa kuma tana bin lambar. Wasu na dogara da daidaituwar deleted_at a madadin lamba. Yana aiki har ranar da gogewa biyu suka faɗo lokaci ɗaya, don haka ban yarda da shi ba.

Tunda fayil yana nan a faifai, tabbatar cewa ba a iya kaiwa gare shi ta bayan gida. In yana cikin foldar public, duk mai tsohon adireshinsa zai buɗe shi ko da an goge. Takardun ɗalibai su zauna a wajen public, kowace saukewa ta bi ta kod mai duba izini da deleted_at. In kana ba da adireshi mai sa hannu na S3, ka sani yana aiki har lokacinsa ya ƙare, kuma yana iya kai kwana 7, don haka ka yanke shi zuwa 'yan mintuna. Ƙananan hotunan dubawa da akwatin bincike su ma su bi wannan doka.

Wa'adi nawa? Google Drive da Gmail suna riƙe shara kwana 30. SharePoint ta kamfanin Microsoft na riƙewa kwana 93, kuma kwandonta hawa biyu ne: in ma'aikaci ya zubar da nasa, abin yana faɗawa na mai kula da tsarin. Ga makaranta, ina ganin kwana 30 ya yi kaɗan. Abin da aka goge a makon ƙarshe na zango na uku ba za a neme shi ba sai an dawo daga dogon hutu. Da ni ne, zan ba da wata 4, in kuma kwaikwayi hawa biyun nan: maɓallin zubar da kwando ya ɓoye wa malami abin kawai, gogewar gaskiya ta jira.

Mu zo kan ita gogewar gaskiyar. Aiki ne da ke tashi da kansa, a ce kullum da dare, kuma jerin matakansa shi ne komai. Da farko ya zaɓi layukan da wa'adinsu ya cika, kaɗan kaɗan, ya rubuta musu alamar cewa an fara share su, ya yi COMMIT. In kana da kwafin wannan aiki fiye da ɗaya masu gudana lokaci guda, FOR UPDATE SKIP LOCKED, wanda ke PostgreSQL tun 9.5, zai hana su rububin layi ɗaya. Bayan nan ya goge fayil daga faifai. Sai a ƙarshe ya goge layin. Umarnin dawowa kuma ya ƙi duk layin da ke ɗauke da alamar an fara sharewa, a cikin WHERE na UPDATE ɗin kansa, don kada malami ya dawo da layi a daidai daƙiƙar da ake goge fayilinsa. In saba ya mutu a tsakiya, gobe aikin zai tarar da layi mai alama, ya sake gwadawa. Saboda haka in ya je gogewa ya ga babu fayil, ya ɗauka aiki ya yi, ya ci gaba. Kada ka juya jerin. In ka fara goge layi sannan gogewar fayil ta gaza, ka bar maraya a faifai mai sunan UUID, ba wanda ya san na wane ne, yana iya kuma zama takardar haihuwar ɗan wani. Laravel na da Prunable da umarnin model:prune, inda pruning() ke ba ka wurin goge fayil. Ka guji MassPrunable a wannan tebur, domin ba ya kiran pruning(), layuka kawai yake sharewa.

Idan kana rage maimaici, wato layuka da yawa suna nuni ga fayil ɗaya saboda SHA-256 ɗinsu, wato lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, ɗaya ne, to kada a goge shi sai babu sauran layin da ke nuni gare shi, har da na cikin kwando. In ba ka fara wannan ba, kada ka fara yanzu. Faifai ya fi ciwon kan araha.

Kwando ba ya maye gurbin kwafin ajiya, kuma su biyun suna da wata alaƙa da ake mantawa. A ce rumbu ya lalace ka dawo da kwafin kwana 10 da suka wuce. Duk fayil ɗin da aka share a cikin kwanakin nan yana da layi a tsohon kwafin, amma babu shi a faifai. Don haka kwafin fayiloli ya riƙa daɗewa fiye da kwafin rumbu mafi tsufa da za ka iya komawa gare shi. A S3, in ka kunna ajiye sigogi, gogewa alama kawai take sawa a kan fayil, tsohon yana ƙasa har dokar da ka gindaya ta share shi. Google Cloud Storage ya mai da riƙon kwana 7 abin da ake samu kai tsaye tun 2024. Wannan raga ce a ƙarƙashin kwandonka, don kuskuren kod ɗinka.

Kada ka ga kamar ina zuzutawa. A ranar 5 ga Afrilu 2022, kamfanin Atlassian, masu Jira da Confluence, sun gudanar da wani kod don cire wata tsohuwar manhaja. Kod ɗin yana da hanya biyu, yin alama don gogewa da gogewa ta har abada. Aka gudanar da shi ta hanya ta biyu, aka kuma ba shi lambobin shafukan abokan ciniki a madadin lambobin manhajar. Shafuka 883 na abokan ciniki 775 suka tafi, wasunsu sai da suka yi kusan mako biyu kafin a dawo musu da su, duk da cewa kwafin ajiya yana nan. Cikin gyare-gyaren da kamfanin ya yi alkawari akwai mai da gogewa ta wucin gadi a dukkan tsarinsa. Abin da nake so ka ɗauka daga nan shi ne, kada forceDelete() ya zauna kusa da delete() ta yadda kalma ɗaya za ta raba su. Wuri ɗaya tak a manhajarka ya iya goge fayil, shi ne aikin daren nan, kuma ya ƙi duk layin da bai cika wa'adi a kwando ba, ko wa ya ba shi lambar. Ka sa masa iyaka ma: in ya ga adadin da zai share yau ya zarce na kullum nesa ba kusa ba, ya tsaya ya aiko maka da saƙo.

Ta ɗaya gefen kuma, kada kwando ya zama wurin da abu ke zama har abada. Bayanan yara ne a hannunka. In makarantar a Najeriya take, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa, kamar yadda sashe na 17 na dokar GDPR ta Tarayyar Turai ya tanada tun da ta fara aiki a 2018. Layin da aka yi wa alama bai gogu ba. In uba ya nemi a cire takardar ɗansa, kuma ba wata doka da ta tilasta wa makaranta riƙe ta, kana buƙatar hanyar da shugaba zai rage wa'adin wannan fayil, a rubuta wanda ya ba da izini, sannan ya bi ta aikin daren kamar kowa. In za ka bar tarihin gogewa, ka bar lamba da lokaci da wanda ya yi, ka cire sunan fayil, domin sau da yawa sunan yaron ne a jiki. Ka kuma rubuta wa malamai a fili, a saman kwandon, kwana nawa abu ke yi kafin ya tafi.

Wani zai ce maka ka zuba fayilolin cikin rumbu a gurbin bytea, mai ɗaukar fayil ɗungurungum, ka huta, tunda a nan ROLLBACK ya shafi komai. Gaskiya ne, kuma ga ƙananan takardu kaɗan ba laifi. Amma gurbin ba ya wuce gigabait 1, kwafin ajiyarka zai kumbura, dawo da shi kuma zai riƙa cin lokaci. Ga makarantar da za ta tara hotuna da takardun shekaru, ka bar su a faifai. Haka nan ba kowane tebur ke buƙatar deleted_at ba. Fayiloli da foldoji sun isa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka gwada tun yanzu. Ka rubuta gwajin da zai kashe aikin daren bayan ya goge fayil kafin ya goge layi, ka sake tayar da shi ka ga ko ya kammala. Ka gwada labarin Litinin da Laraba da Alhamis. Ka gwada dawo da fayil a kan mai irin sunansa. Sannan ka ƙara wani ɗan aiki na mako-mako da zai kwatanta faifai da rumbu, ya fitar da layukan da ba su da fayil da fayilolin da ba su da layi. Wannan aikin rahoto kawai zai ba ka, kada ka ba shi ikon gogewa, kuma ya tsallake duk fayil ɗin da bai kwana ɗaya ba, domin wanda ake kan ɗorawa yakan isa faifai kafin layinsa ya shiga rumbu. Allah ya ba da sa'a.